Laimar Kwaɗo

Kwaɗo nake sayarwa a Kejetiya,
manya da ƙanana, sababbi da na gwanjo,
amma na ƙofar shagona ban taɓa yarda da shi ba.
In ja shi sau bakwai. In kai bakin titi. In dawo.
Torotoron Aboabo ya cika ya tashi.
Yaron motar ya san ni, ya daina kira na.

Ran Laraba bayan Isha'i
muke haɗuwa a ɗakin ɗinkin Baturiya,
mu shida, wani lokaci biyar,
don Isaka kan maƙale a bakin famfo
yana alwala ta goma sha ɗaya
har tafinsa ya yi fari kamar jiƙaƙƙen rogo.
Ba mai ce masa yi sauri. Kujerarsa na nan.

Mun sha rubutu, an yi mana tofi.
An ce Shaiɗan ne, muka yi ta tsine masa,
tsinuwar ma ta koma abin ƙirgawa.
Ƙwayar likita ta karɓi Sharifatu,
ni ta mai da ni buhun gawayi.

Ɗantani ne ya kawo zancen, murya ƙasa-ƙasa:
wai akwai wata laimar kwaɗo, ba irin ta miya ba,
wai masu bincike na gwada ta a kan irinmu.
Na yi dariya har da tari.
Kwaɗo ya kulle ni, laimarsa ce za ta buɗe ni?

Baturiya ta tsai da keke, ta cire allura daga baki.
Likitanka ya sani?
A danginku akwai wanda hankalinsa ya taɓa tafiya?
Ka san ɗan sanda bai san waswasi ba?
Malam Gariba ya ce abin da ke gusar da hankali
hukuncinsa ba ɓoyayye ba ne.
Ya faɗa, ya ɗauki takalminsa,
ya tsaya a ƙofa,
ya dawo ya zauna.

Ba mu ce masa sha ba.
Mun ce in har ka ƙi ji, kada ka kasance kai kaɗai.

Ni na zauna da shi. An ɗauke wuta daren.
Ya ce bango na numfashi, ya ce zai mutu,
ya kira uwarsa da ke kwance a maƙabartar Tafo.
Na ce ga ruwa, ga ni, Asawase ce nan, yau Asabar.
Can wajen asuba ya kama hannuna,
mutumin da shekara huɗu bai yi musabaha ba,
ya riƙe, da gumi da dattin ƙarfe da komai.

Kwana tara yana cin wake da shinkafa da hannu
a gindin teburin Hajiya, yana lasar yatsu.
Na goma ya sayi sabulu uku.
Ya ce abin ya dawo, sai dai yanzu ya ga girmansa:
ashe ba giwa ba ce, akuya ce mai naci.

Memuna ba ta gaya wa kowa ba, ta gwada.
Kwana uku ba barci, tana jin ana kiran sunanta a rufi.
Mu muka kai ta asibiti a tasi,
Malam Gariba ya biya, bai ce na faɗa muku ba.
Har yau ba ta dawo daidai ba. Kujerarta ma na nan.

Ni ban sha ba. Ban san ko zan sha ba.

Jiya na ja kwaɗon sau huɗu,
hannuna na ƙaiƙayin na biyar, na kira Isaka.
Ina jin famfo na zuba a bayansa.
Ya ce ka tafi, ni ma zan rufe.
Ɗaya, biyu.
Ruwan ya yi shiru. Na juya baya.

Yaron motar ya gan ni tafe, ya buga ƙarfe,
ya ce wa direba: tsaya, yau da shi.